Filin Kokawar da Aka Daɓe

Har gobe idan na ji mata suna daɓe a wani gida, da waƙarsu da shewarsu, sai in canja hanya. Matata takan ce rigimar tsufa ce ke damuna. Ta san ba ita ba ce, domin tana nan abin ya faru, kuma furar hannunta yaron da zan ba da labarinsa ya yi shekaru yana sha.

A zamanin mulkin soja aka turo ni koyarwa wani ƙauye bayan Maijirgi, ina sabon aure. Lakwal ɗin, wato makarantar boko, rumfar zana ce, ni ne darekta, ni ne mushe, kamar yadda ake kiran malami a wajenmu, ni ne mai kaɗa ƙararrawa. Na yi kokawa da ƙuruciya, sai dai Allah bai ba ni jiki ba, kayen da na sha ya fi wanda na bayar nesa ba kusa ba. Abin da ya ba ni shi ne ido. Ina iya duban yaro yana tafiya kawai, in san ko ƙugunsa zai ɗauki mutum.

A bakin rijiya na fara ganinsa. Kowa ya san zurfin rijiyoyin wajen nan, manya ma su biyu suke kama igiya, ko kuwa a ɗaura wa jaki. Shi kuwa, yaron da ko gashin baki bai tsiro masa ba, ya kafa ƙafafu ya jawo guga cike shi kaɗai, bai yi nishi ba, bayansa bai tanƙware ba. Ba ɗan lakwal ba ne, a rumbu ubansa ya ɓoye shi ranar ɗaukar yara, kamar yadda rabin garin suka yi. Na bi shi har gida, na gaishe da uban, na faɗi abin da ke tafe da ni.

Uban ya dube ni ya yi dariya. Ya ce, "Mushe, in dai ba lakwal za ka kai min shi ba, ga ka ga shi. Amma damina tawa ce, ba shi barin gona."

Shekarar farko ban bar shi ya kama kowa ba. Faɗuwa na koya masa, yadda zai sunkuyar da haɓa, yadda zai saki jiki ya bar rairayi ya karɓe shi. Da sassafe ya hau jigawar bayan gari da gudu ya sauko, da yamma mu shiga tsayuwa, inda zai kafa ƙafa da inda zai sa ido. Na ce ya daina kallon fuskar abokin karawa, fuska ƙarya take yi, ya kalli ƙugu. Samarin gari suka sa wa abin suna kokawar lakwal, suna tambayarsa ko da alli ake kayar da mutum. Yakan zo mini ransa a ɓace, in ce ya sha fura ya koma jigawa. Layun da kawunsa ya ɗaura masa a damtse ban ce ya cire ba, na dai gaya masa laya ba ta gudu a madadin mutum.

Da na sake shi cikin sa'o'insa bayan kaka, masu dariya suka haɗiye dariyarsu. Yana da wani salon shiga da ban taɓa gani wurin yaro ba. Sai ya nutse ƙarƙashin mutum, ya kama cinyoyi, ya miƙe da shi har sama da kafaɗa, sannan ya shimfiɗa bayansa a ƙasa. Allah ne ya ba shi wannan, nawa gyara ne, kuma na yi shekaru ina gyarawa har ya zama ba ya tunani kafin ya yi. A rairayi mai zurfi ba komai ba ne, wanda aka ɗaga yakan tashi ya kakkaɓe jiki ya tafi da kunyarsa. Garuruwa suka fara aiko da goro a ba su shi ya kara da manyansu, ina mayar musu da goronsu. Har uban ya fara jin haushina. Na ce masa ƙashin yaron bai gama ƙwari ba, kuma ni ba tafin kasuwar ƙauye nake nema masa ba. Takobin nan nake hango masa, wanda gwamnati ke ba wanda ya rage a tsaye bayan an tara 'yan kokawar ƙasa duka. Ban taɓa shakkar zai kai ba, kuma har yau ban yi ba.

Sai ruwa ya ƙi zuwa. Aka shuka ya ƙone, aka sake shukawa ya ƙone. Kaka ta zo ba dami ko na rantsuwa, ganga ba ta fito ba, domin kokawa wasan ƙoshi ce, sai sabon gero ya shiga jiki ake yin ta. Uban yaron ya bi ayari zuwa Katsina ci-rani, ya bar shi da uwarsa da ƙanne. 'Yan lakwal ɗina suka watse, wasu sun bi iyaye kudu, wasu suna daji neman ganye. Na hana yaron gudun jigawa, don mai yunwa in ya yi gudu namansa yake ci. Matata ta ci gaba da raba furarmu uku. Duk da haka ina kallon damatsan da na gina suna zubewa, har layun suka fara saukowa gwiwar hannu.

Cikin wannan hali, da tsakiyar bazara, saƙo ya zo cewa wani babban soja zai biyo ta garin kasuwar da ke tsakaninmu da ƙasar Mayahi, zai duba rabon jar dawar taimako. Ba zan faɗi sunan garin ba, akwai mutanen kirki a cikinsa. Aka ce a tarye shi da kiɗa da rawa da kokawa, don ya ga talakawa suna cikin farin ciki. Kowane ƙauye ya kawo gwaninsa, wanda ya yi kaye buhu guda nasa ne. Kokawa da bazara, cikin yunwa. Ko mahaukaci ya san ba lokacinta ba ne, amma a zamanin nan in magana ta fito daga sama, ba a tambayar wata ko rana.

Shirin yana hannun sarkin samarin garin, wato shugaban matasa mai tara su aikin gayya da tarbar baƙi. Tsohon ɗan kokawa ne, ya kuwa yi suna a zamaninsa, shi ya sa har yau na kasa yi masa uzuri. Abin da kumandan, wato jami'in gwamnati mai mulkin yankin, ya gaya masa kaɗan ne. An ce a wani gari da baƙon ya je, ƙurar masu rawa ta sa shi tari, aka ci wa manyan garin mutunci. Saboda haka kumandan ya ce shi dai ba ya son ƙura. Iyakar maganar ke nan. Yayyafa ruwa kaɗan ya isa, ko a matsar da rumfar baƙi nesa da fili. Amma bafaden da aka ce ya kawo ƙwarya, rumbu yake ciccibowa. Sarkin samari ya sa aka kwashe rairayin filin kokawa kaf, aka yi ta jigilar laka da tsakuwa a amalanken jakuna, aka tara matan gari da madaɓansu. Ruwan da mace ke bin layi tun asuba ta samu tulu guda, shi aka riƙa kwararawa a ƙasa. Har makuba suka jiƙa, ɓawon ɗorawar nan mai ƙara wa daɓe tauri, kamar ɗakin amarya suke gyarawa. Da ya bushe aka barbaɗa farin rairayi sama-sama don ya yi kyan gani.

Ana gobe taron na je duba fili, kamar yadda na saba kafin in sa yaro a ko'ina. Na buga diddige a tsakiya, zafin ya hau mini har ƙeya. Na tarar da sarkin samari a gindin rumfa yana nuna inda za a jera kujeru.

Na ce, "Sarkin samari, nan za a yi kokawar?"

Ya ce, "Nan ne, Mushe. Ka ga aiki ko? Ko ƙwayar ƙura ba ta tashi."

Na ce, "Kai da ka sha kaye ka ba da kaye, ka san abin da wurin ga zai yi wa ƙashin mutum. Ka sa a maido rairayi, akwai sauran yini."

Ya ja ni gefe, ya rage murya. Ya ce, "Mi kake so in yi? Kumandan ya zo ya gani, ya yaba. In je in ce mishi a rushe abin da ya yaba? Wasa ne na ɗan lokaci, su bi juna a hankali. Kai kuma ma'aikaci ne, ka kama bakinka, kada a tura ka inda ko rijiya babu."

A wurin akwai dattawa da makaɗa da tsoffin 'yan kokawa, babu wanda bai san abin da na sani ba. Na dube su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sami abin kallo a tafin ƙafarsa. Wani har cewa ya yi ai daɓen ya yi kyau. Wallahi na tsani garin nan a ranar, na tsane shi da mazansa da kujerunsa.

Na koma ƙauye na wuce gidan yaron kai tsaye, na ce ba za shi ba. Uwarsa tana zaune bakin murhun da ba wuta, ƙaramin cikin ƙannen yana kwance a cinyarta. Ta bari na gama duk bayanina na ƙasa mai tauri da ƙashi mai taushi, sannan ta ce, "Mushe, Allah shi saka maka, ka yi mana abin da dangi ba su yi ba. Amma furar gidanka shi kaɗai take riƙewa. Waɗanga fa?" Yaron dai ba ɗana ba ne. Abin da na iya shi ne na ja shi waje na yi masa kashedi. Na ce kada ya ɗaga kowa, ko da an tsaya har magariba. Ya tura, ya ja, ya taɗe, in mutum ya kai gwiwoyinsa ƙasa ai kaye ne. In kuma shi aka rinjaya, ya durƙusa da kansa ya bar buhun. Ya ce ya ji.

Tun hantsi aka jera mutane a rana, baƙo bai iso ba sai bayan la'asar. Aka yi jawabai, aka ɗaga buhu biyu aka nuna masa. Sannan aka ce lokacinsa kaɗan ne, karawa ɗaya zai kalla, a fito da wadda ta fi kyau. Sarkin samari ya nuna yarona. Aka haɗa shi da wani magidanci daga wajen Attantane, cikin makiyayan nan da suka daɗe da zama suna noma. Na san shi a fili shekarun baya, ya ma bar kokawa. Dabbobinsa ne suka ƙare, buhun ya dawo da shi.

Yaron ya bi maganata da fari. Ya tura, ya ja, ya nemi ƙafa. Amma mutumin tsohon hannu ne, ya san duk wannan, ya kafe ya ƙi motsi. Suka daɗe a sunkuye, kai da kai, mayunwata biyu suna haki. Jama'a suka fara gunaguni. Baƙo ya dubi agogonsa, kumandan ya dubi sarkin samari, shi kuma ya zabura ya je bakin fili. Da kunnena na ji shi yana cewa makaɗi ya zuga yaron, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Ɗauke shi mana, mi kake jira?" Ganga ta canja, taro ya ɗauka. A daidai nan mutumin ya ɗan miƙe don ya gyara kamu, ƙugunsa ya buɗe. Jikin yaron ya yi abin da ya saba tun kafin kansa ya tuna da maganata.

Ƙarar kamar an karya busasshen icce. Ban taɓa jin irinta a filin kokawa ba, domin rairayi ba ya ƙara. Mutumin bai yi ihu ba, ya dai yi ƙoƙarin tashi, ƙafarsa ɗaya ta ƙi bin sa. Baƙo ya tafa, duk rumfa ta tafa. Nan da nan aka ja mutumin ta hammata zuwa bayan makaɗa don kada a ɓata wa baƙo rai, aka turo 'yan mata masu rawa suka rufe wurin. Aka kama hannun yarona aka kai shi gaban rumfa, aka ɗora masa buhu a kafaɗa, yana waige. Motoci suka tashi, ba wadda ta ɗauki wanda ya karye. A amalanken da ya kawo lakar aka ɗora shi zuwa wurin maɗori.

Daga baya masu bakin magana suka ce ai mushe ne ya koya masa wannan mugun ɗauka. E, ni na koya masa, kuma don rairayi na koya masa, inda kakanninmu suka yi ta ɗaga juna suna tashi suna dariya. Ban ga laifin yaron ba, ban kuma karɓi nawa ba. Laifin yana wurin wanda ya san ƙasa ya daɓe ta, da waɗanda suka tsaya suna yaba kyanta. Ba a tuhumi kowa ba. Sarkin samari ma yabo ya samu, aka ce a duk zagayen baƙon ba inda aka yi tarba mai tsabta kamar tasa.

Yaron ya kai wa uwarsa buhun, ya daina zuwa gidana. Da damina ta faɗi, ubansa ya dawo daga ci-rani, sai shi kuma ya ɗauki hauyarsa ya bar gari. Uwar ce ta gaya mini yana wajen Attantane, yana noma gonar mutumin da ya kayar. Na ƙyale shi, na ce zuciya ce, za ta huce. Aka samu amfani daidai gwargwado a shekarar, ganga ta fito. Bayan kaka aka yi shelar za a zaɓi 'yan kokawa a Tasawa, waɗanda za a tura Maradi, daga can kuma sai babban fili. Ranar da na yi shekaru ina jira ke nan, shekarunsa sun kai, ƙashinsa ya yi ƙwari. Na ari keke na kama hanya, rabinta tura shi na yi cikin rairayi.

Na tarar da mutumin kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa, sanda a gefensa. Ɗorin ƙugu bai kama daidai ba, ƙafar ta gajarce. Yaron yana can gefe yana ɗaure gero, jikinsa ya dawo, har ya fi da. Da na faɗi abin da ya kawo ni, mutumin ne ya riga shi magana.

Ya ce, "Malam, don Allah tahi da shi. Na gaya mishi tun ran da ya zo, ni ban riƙe shi da komi ba. Kokawa ce, ni ma na ɗaga mutane. Ƙasa ce ta karya ni, ba shi ba." Ya juya wajen yaron ya ce, "Ƙanena, tashi ka bi malaminka. In ka ɗauko takobi, ni ma in samu abin faɗi, in ce wanda ya kada ni sarki ne."

Yaron ya ajiye damin ya biyo ni. Na yi murna a hanya, har waƙa na yi a kan keke, ban ɓoye ba.

Filin Tasawa rairayi ne har idon sawu, sai da na sa shi ya taka ya ji da ƙafarsa. Aka haɗa shi da wani ƙato daga Hawandawaki, mai ƙarfi amma ba dabara. Ba a daɗe ba ƙaton ya buɗe ƙugu. Yaron ya nutse, ya kama, ya miƙe da shi sama, yadda ban taɓa ganin ya yi da kyau haka ba. Fili duka ya tashi tsaye. Sai ya tsaya da mutum a kafaɗa. Ya tsaya har ganga ta rikice. Daga nan ya sunkuya a hankali, ya dire ƙaton a kan ƙafafunsa kamar mai sauke tulu, ya sake shi. Ƙaton ya yi mamaki na ɗan lokaci, sannan ya ture shi, yaron ya zauna a ƙasa. Dariya ta ɓarke ko'ina.

Sarkin samarin nan yana cikin masu zaɓe, an ƙara masa girma. Ya biyo ta kusa da ni, babbar riga tana jan ƙasa, ya ce, "Mushe, ashe yaron naka ba shi da zuciya." Na ɗaga hannu, na rantse da Allah na ɗaga, wani dattijo ya riƙe ni ta baya. Da ya bar ni na mare shi, da na yi kwanan gidan kaso da daɗin rai.

Na sami yaron a bayan taro yana sa rigarsa. Na buɗe baki in yi faɗa, in ce masa rairayi ne, ya taka ya ji, ba abin da zai sami kowa. Ya riga ni.

Ya ce, "Mushe, ka yi haƙuri. Na zo ne don kai ka ce in zo. Na san rairayi ne. Amma in na ɗaga mutum, ban san inda zan aje shi ba."

Da gari ya waye ya koma Attantane, akwai sauran gero da ba su gama ɗaurewa ba. Bai sake shiga fili ba.